Daga Fadar Sarki Zuwa Tukunyar Manomi: Yadda Hukuma Ta Shiga Ƙauyen Sin

Sinawa suna da wani tsohon karin magana: sama tana can bisa, sarki kuma yana can nesa. Manomin da ya faɗi haka a shekarar 1800 bai yi ƙarya ba. Daular Qing, wadda ƙabilar Manchu ta kafa a Beijing a 1644, tana riƙe da mutane kimanin miliyan 300 a lokacin, amma ma'aikacinta na ƙarshe a hedikwatar gunduma yake tsayawa. Gundumomin 1,300 ne da 'yan kai, wato hakimi ɗaya a kan mutum sama da dubu 200. Shi ne alƙali, shi ne mai karɓar haraji, shi ne shugaban dogarai. Doka ta hana a tura shi lardin da aka haife shi, kuma bayan 'yan shekaru ake ɗauke shi, saboda haka sau da yawa ko karin harshen talakawansa ba ya ji. A 1958 kuwa, tattaɓa-kunnen wannan manomi ba shi da ikon hura wuta a murhun gidansa. An kwashe tukwanen ƙarfe an narkar, abinci kuma sai a ɗakin girki na jama'a.

Wanda yake son gane Sin ta yau ya bi sawun wannan tafiya: yadda hannun hukuma ya taso daga hedikwatar gunduma ya iso gona, ya shiga rumbu, ya shiga tukunya, daga baya har ɗakin haihuwa. Sunayen shugabanni da ranakun juyin juya hali duk a bakin wannan hanya suke jere.

A zamanin daula, manyan zuri'a da masu shaidar jarrabawar sarki ne ke tafiyar da ƙauye. Jarrabawar hawa uku ce. Yaro yakan fara haddar littattafan Confucius, babban malamin Sin na dā, tun yana ƙarami, ya zauna ta gunduma. In ya ci, ya nufi ta lardi wadda ake yi duk shekara uku, inda ake kulle kowane ɗalibi a wani ɗan ƙanƙanin ɗaki kwana da kwanaki, da guzurinsa da tawadarsa. Wanda ya tsallake ya tafi ta Beijing. Kaɗan ƙwarai ke kaiwa ƙarshe su samu muƙami. Mafi yawa da shaidar farko suke komawa gida, amma ita ma ta isa ta raba su da talaka: ba a yi musu bulala, ba a sa su aikin tilas, ba sa durƙusa wa hakimi. Su ke gyaran ganuwar kogi, su riƙe rumbun tsimi na gari, su koyar da yara, su raba gardamar iyakar gona. Da wannan dabara daula ta samu ɗaruruwan dubban wakilai ba tare da ta biya su albashi ba, kuma duk a littafi ɗaya suka yi karatu.

Kuɗi ne suka fara fasa wannan tsari tun kafin bindiga. Da azurfa ake ƙiyasta harajin gona, manomi kuwa da kwabban tagulla yake sayar da amfaninsa. Bisa al'ada kwabo 1,000 ne ke sayen liang ɗaya na azurfa, kimanin giram 37. Da fataucin ofiyom na Turawan Ingila ya yi ƙarfi, azurfa ta riƙa ficewa daga ƙasar, har liang ɗaya ya kai kwabo 2,000 a shekarun 1840. Babu wanda ya ƙara haraji a takarda, amma manomi ya wayi gari yana biyan ninki biyu. A 1839 Lin Zexu ya lalata akwatunan ofiyom sama da 20,000 a Humen, Ingila ta turo jiragen yaƙi, yarjejeniyar Nanjing ta 1842 ta ba ta tsibirin Hong Kong da diyyar dalar azurfa miliyan 21, ta kuma buɗe tashoshin jiragen ruwa biyar ga fataken waje.

Daga nan abubuwa suka biyo juna. Tawayen Taiping, wanda wani malamin ƙauye mai suna Hong Xiuquan ya jagoranta bayan ya faɗi jarrabawa sau huɗu, ya ci rayuka aƙalla miliyan 20 kafin a murƙushe shi a 1864. Sojan fada ya kasa, sai manyan larduna irin su Zeng Guofan na Hunan suka tara nasu mayaƙa, suna biyan su da kuɗin shinge da suke karɓa a kan kayan fatake. Tun daga ranar soja da kuɗi suka koma hannun larduna. A 1895 Japan ta ci Sin da yaƙi, ta karɓe Taiwan haɗe da diyyar liang miliyan 200. A 1901, bayan tawayen 'yan Boxer masu ƙin baƙi, ƙasashen waje suka yanka diyyar liang miliyan 450, wato liang ɗaya a kan kowane Basine, za a biya cikin shekara 39 da kuɗin ruwa. Kuɗin kwastan da harajin gishiri da ƙari a kan gona ne suka ɗauki wannan kaya.

A ganina, ranar da ta fi sauya ƙauye ita ce ranar da aka soke jarrabawar sarki a 1905, fiye da ranar 12 ga Fabrairun 1912 da ƙaramin sarki Puyi ya sauka yana ɗan shekara shida. An soke ta da kyakkyawar niyya, domin haddar tsofaffin littattafai ba ta ƙera igwa. Sai dai sababbin makarantu a birni aka gina su, kuɗi ake biya, kuma wanda ya gama ba ya komowa. 'Ya'yan masu hali suka tafi Shanghai da Tokyo. Ƙauye ya rasa masu ilimin da ke tsakaninsa da hukuma, gurbinsu ya koma hannun 'yan kwangilar haraji da masu ƙarfin tuwo. Bayan mutuwar Yuan Shikai, shugaban jamhuriyar da ta gaji daula, a 1916, janar-janar suka yayyaga ƙasar, kowa da lardinsa. A Sichuan an karɓi harajin gona na shekaru gommai masu zuwa tun ba a shuka ba.

Matasan birni suka ɗora laifin a kan al'adar kanta. Ranar 4 ga Mayun 1919 ɗalibai kimanin 3,000 suka fito a Beijing saboda taron sulhu na Versailles ya miƙa wa Japan haƙƙoƙin Jamus a lardin Shandong, duk da cewa leburori Sinawa kusan dubu 140 sun yi wa ƙawancen Ingila da Faransa aiki a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Fushin bai tsaya kan baƙi ba, ya juyo kan auren dole, da ɗaure ƙafar 'yan mata, da ikon uba, da harshen rubutu. Har zuwa lokacin ana rubutu ne da tsohon Sinanci wanda babu mai magana da shi a kasuwa. Malamai irin su Hu Shi da Chen Duxiu suka nace a rubuta abin da baki ke faɗa, a 1920 kuma ma'aikatar ilimi ta sa a koyar da ajujuwan farko na firamare da harshen yau da kullum. Chen Duxiu ɗin ne ya zama shugaban farko na Jam'iyyar Kwaminis, wadda aka kafa a Shanghai a 1921 da mambobi hamsin da wani abu.

Jam'iyyar Kuomintang ta Chiang Kai-shek, wadda ta kama mulki a ƙarshen shekarun 1920, ta san matsalar ƙauye. Dokar filaye da ta yi a 1930 ta ƙayyade kuɗin hayar gona kada ya wuce kashi 37.5 cikin 100 na girbi, amma dokar ta mutu a takarda, domin masu gonakin su ne ginshiƙinta a larduna. Abin da manomi ya gani daga gwamnatin shi ne mai kamen soja da mai awon hatsi. A Yunin 1938, don a tare sojan Japan, aka fasa ganuwar Rawayen Kogi a Huayuankou, ruwa ya ci ɗaruruwan dubban talakawa. 'Yan Kwaminis kuwa, tun da Kuomintang ta karkashe su a Shanghai a 1927, dole ta sa suka koyi zaman ƙauye. Kimanin mutum 86,000 suka fara Doguwar Tafiya a 1934, suna tsere wa sojan Kuomintang, ƙasa da 10,000 suka isa Shaanxi bayan shekara guda. A can arewa suka ƙware a kan abin da babu gwamnatin da ta taɓa iyawa a Sin, wato kafa reshe a cikin kowane ƙauye.

Rabon gona, da abin da ya biyo baya

'Yan Kwaminis sun karɓi mulkin ƙasar a 1949, kuma dokar rabon gona da suka yi a Yunin 1950 ba a ofis aka zartar da ita ba. Ayarin ma'aikata ne ke sauka a ƙauye, su tare a gidajen matalauta, su ci abin da suke ci, su nemo wanda ya fi kowa ciwon zuciya su mai da shi jagora. Daga nan a kasa kowane gida cikin aji biyar: mai gonakin haya, manomi mai hali, matsakaici, matalauci, ɗan ƙodago. Sai taron da suke kira amayar da ɗaci, inda ake tsayar da mai gona a gaban jama'a kowa ya faɗi abin da ya yi masa. A ƙarshe a ƙona takardun bashi, a auna gona a raba. Mutane kimanin miliyan 300 suka samu gona mai faɗin mu miliyan 700 (mu ma'aunin fili ne na Sin, guda 15 ne hekta ɗaya). An kashe masu gonaki da yawa, ƙiyasin masana ya kama daga ɗaruruwan dubbai zuwa sama da miliyan ɗaya. Shigar da maƙwabta cikin hukuncin da gangan aka yi shi: wanda ya ɗaga hannu a kan mai gidansa na jiya ba shi da sauran mafaka sai jam'iyya. Lambar ajin kuma gado ce ta wajen uba, ta bi jikoki wajen aure da makaranta da shiga soja har 1979.

Gonar ba ta daɗe a hannun manomi ba, kuma dalilin lissafi ne. Gwamnati na son masana'antu irin na Tarayyar Sobiyet. Tana buƙatar hatsi mai araha don ciyar da ma'aikatan birni, da wanda za ta fitar waje ta biya kuɗin injuna. Manomin da ya daina biyan haya kuwa sai ya ƙara cin abinci, ya rage kai wa kasuwa. A 1953 aka hana cinikin hatsi sai da gwamnati, a farashin da ta yanka. Amma karɓar hatsi daga gidaje sama da miliyan 100 aiki ne ja, don haka aka shiga haɗe su. An fara da aikin gayya na gidaje kaɗan, aka koma ƙungiyar gidaje ashirin zuwa arba'in inda har yanzu ana ba mai gona rabon gonarsa, a 1956 aka koma babbar ƙungiya inda aiki kaɗai ake biya. A 1958 aka narkar da duka cikin manyan gandaye kimanin 26,000, kowanne da gidaje wajen 5,000. A farkon wannan shekarar aka kafa dokar rajistar gida, hukou, wadda ta raba 'yan ƙasa biyu, na noma da waɗanda ba na noma ba. Tikitin hatsi na ɗan birni ne kaɗai, don haka baƙauyen da ya gudu birni ba shi da inda zai sayi abinci.

Adalci ne a faɗi abin da wannan dogon hannu ya kawo na alheri, domin ba kaɗan ba ne. Dokar aure ta 1950 ta haramta auren dole da sayar da 'ya'ya mata, ta ba mace ikon neman saki. A 1949 kusan mutum takwas cikin goma ba su iya karatu ba. Aka sauƙaƙa haruffa daga 1956, har jerin 1964 ya ƙunshi sama da 2,200: harafin da ke nufin doki, alal misali, ya sauko daga zane goma zuwa uku. A 1958 aka amince da pinyin, rubutun lafazi da baƙaƙen boko, wanda yara ke fara koya kafin haruffa, kuma da shi yawancin Sinawa ke rubutu a waya yau. Karin harshen Beijing ya zama na makaranta da rediyo, lasifikar da aka ɗaure a tsakiyar ƙauye tana kai shi kunnen kowa safe da yamma. Rigakafi da ƙananan ma'aikatan lafiya na karkara suka ɗaga tsawon rai daga ƙasa da shekara 40 zuwa wajen 65 a ƙarshen shekarun 1970.

Yadda aka ƙera yunwa

Shirin Babban Tsalle na 1958, wato yunƙurin haɓaka noma da masana'antu cikin gaggawa, ya cancanci a tsaya a kansa, saboda yunwar da ta biyo shi tana da matakai da ake iya ƙirgawa. Shekara guda kafin nan an yi wa mutane sama da dubu 550 tambarin 'yan ra'ayin riƙau saboda sun soki jam'iyya bayan ita ta gayyace su su yi suka. Kowane ma'aikaci ya ɗauki darasi. Da aka ce larduna su yi gasar girbi, sai ƙarya ta zama hanyar tsira. Gundumar Huanjiang a Guangxi ta ba da rahoton shinkafa sama da tan 60 daga mu ɗaya, filin da a lokacin kilo 200 yake bayarwa ko kusa da haka. Dabarar ita ce a tumɓuke shinkafar da ta nuna daga gonaki da yawa a cusa a fili ɗaya kafin masu duba su iso. Da aka tara rahotanni, aka sanar da girbin tan miliyan 375. Na gaskiya bai wuce miliyan 200 ba.

A kan adadin ƙaryar aka yanka rabon gwamnati. Tunda an ɗauka hatsi ya yi yawa, aka rage filin shuka a 1959, aka ce wa mutane su ci su ƙoshi a ɗakin girki, abincin wata shida ya ƙare cikin wata uku. An kwashe miliyoyin maza majiya ƙarfi zuwa haƙar madatsun ruwa da ƙananan tanderun narka ƙarfe, domin a ninka ƙarfen ƙasa daga tan miliyan 5.35 zuwa 10.7 a shekara ɗaya. Aka sare dazuzzuka don itace, aka narka garma da tukunya da sakatar ƙofa, abin da ya fito mafi yawansa dunƙulen da ba ya ƙeruwa ne, amfanin gona kuma ya ruɓe babu mai girbi. An umarci a yi huɗa mai zurfin mita guda, wadda ta binne ƙasa mai taki ta fito da marar amfani, a kuma cusa iri har shuka ta shaƙe juna. An kashe gwara don tana cin hatsi, ƙwarin da take cinyewa suka samu sarari.

Duk da haka ana iya tsayar da abin a damina ta biyu. A taron Lushan na Yulin 1959 ministan tsaro Peng Dehuai ya rubuta wa shugaban jam'iyya Mao Zedong wasiƙa yana nuna kurakuran. Aka tsige shi, aka buɗe sabon farautar masu ra'ayinsa. Gani ga wane ya ishi wane. A wannan shekara girbi ya faɗo zuwa tan miliyan 170, gwamnati ta kwashe kusan kashi 40 cikin 100, ta fitar da sama da tan miliyan 4 zuwa waje. Inda hatsi bai cika ba, sai a ce manoma ne suka ɓoye, a bi gida-gida da duka ana tonon ƙasa. A yankin Xinyang na Henan an tare hanyoyi, an riƙe wasiƙu a gidan waya, mutane kimanin miliyan ɗaya suka mutu alhali rumbunan gwamnati na kusa da su da hatsi a ciki. A da, wanda yunwa ta koro yakan yi ƙaura ko bara, ko ya tafasa ganye a gida. Yanzu rajista ta hana tafiya, tukunya kuma babu. Ƙiyasin mamata ya kama daga miliyan 15 zuwa 45, masana ƙidaya da yawa suna tsayawa wajen miliyan 30. A taron manyan ma'aikata 7,000 na 1962, shugaban ƙasa Liu Shaoqi ya maimaita abin da manoman Hunan suka gaya masa: kashi uku bala'in sama, kashi bakwai aikin mutum.

Aka ja da baya. An rufe ɗakunan girki a 1961, lissafi ya dawo hannun rukunin gidaje ashirin zuwa talatin, aka bar wa kowane gida 'yar gayauna. Da maki ake biyan aikin gandu, namiji goma a yini, mace bakwai ko takwas, ko an yi da gaske ko an yi na ganin ido. Ba abin mamaki ba ne gayauna ta fi gandu kyan shuka.

Mao bai yafe wannan ja da baya ba. Juyin Juya Halin Al'adu da ya tayar a 1966 ya auka wa jam'iyyar kanta, ya kuma auka wa abin da aka kira tsofaffi huɗu: tunani, al'ada, ɗabi'a da sabo. A birni ɗalibai suka doki malamansu, aka rufe jami'o'i, Liu Shaoqi ya mutu a tsare a Kaifeng a 1969. A ƙauye aka ƙona littattafan salsalar zuri'a, aka farfasa allunan kakanni, aka mai da zauren zuri'a sito. A Qufu, garin Confucius, an tone kaburburan gidansa. An rufe masallatai da coci-coci da wuraren ibadar Buddha. A garin Shadian na Yunnan, inda Musulmin Hui suka nace sai an buɗe masallatansu, soja ya kashe kimanin mutum 1,600 a 1975, abin da jam'iyyar ta amsa kuskure ne a 1979. Matasan birni wajen miliyan 17 aka tura karkara, cikinsu har da wani ɗan shekara 15 mai suna Xi Jinping, wanda ya yi shekara bakwai a ƙauyen Liangjiahe, daga baya kuma ya zama shugaban ƙasa.

An saki tukunya, an kama haihuwa

Gyaran da ake jingina wa Deng Xiaoping, jagoran ƙasar bayan zamanin Mao, daga ƙasa ya faro. A ƙarshen 1978 magidanta 18 a ƙauyen Xiaogang na lardin Anhui suka dangwala yatsa a asirce, suka raba gonar gandu gida-gida, da alkawarin cewa in an kama shugabanninsu sauran za su riƙe musu 'ya'ya. Wasu ƙauyuka ma suna yin haka a ɓoye. Abin da shugabannin larduna irin su Wan Li da Zhao Ziyang suka yi shi ne kau da kai, Beijing ta biyo baya. Ƙa'idar mai sauƙi ce: ka cika na gwamnati, ka ajiye na ƙauye, saura naka ne. A 1979 an ƙara farashin sayen hatsi da kashi 20 cikin 100, da ƙarin kashi 50 a kan abin da ya haura ƙa'ida. Taki na zamani da sabon irin shinkafa ma sun iso a daidai lokacin. Girbi ya tashi daga tan miliyan 305 a 1978 zuwa 407 a 1984. Gonar dai ba ta zama ta manomi ba. Mallakar ƙauye ce, shi aro aka ba shi, na shekara 15 da farko, sannan na 30 daga 1993. Ina ganin wannan ƙoshi na cikin dalilan da suka sa boren 1989, wanda tsadar kaya da cin hanci suka hura har soja ya buɗe wuta a Beijing daren 3 zuwa 4 ga Yuni, ya tsaya a birane bai kama karkara ba.

A daidai lokacin da hukuma ta fita daga tukunya ta shiga ɗaki. Wasiƙar jam'iyya ta Satumban 1980 ta kafa tsarin ɗa ɗaya, alhali haihuwa ta riga ta faɗo daga 'ya'ya kusan shida ga kowace mace a 1970 zuwa ƙasa da uku a 1978, ta hanyar jinkirta aure da tazara. A ƙauyen da babu fansho, ɗa namiji ne ke riƙe tsofaffi, shi ne kuma ke ci gaba da hidimar kakanni, 'ya mace gidan miji take tafiya. Jama'a suka turje. A 1983 kaɗai an yi wa mutane sama da miliyan 20 aikin hana haihuwa. Daga 1984 aka sassauta wa yawancin karkara: wanda ya fara da mace yana iya sake gwadawa sau ɗaya. Wannan sassauci, haɗe da na'urar hoton ciki, ya sa zubar da cikin 'ya'ya mata ya yawaita, har aka kai haihuwar maza wajen 120 a kan mata 100, maimakon 105 na ɗabi'a. Ma'aikacin da yankinsa ya haura adadi ba ya samun ƙarin girma komai ƙoƙarinsa a wasu fannoni, shi ya sa tara da rushe gida da zubar da ciki na tilas suka yi yawa. Ƙidayar 2010 ta samu mutum miliyan 13 marasa rajista, ta 2020 ta samu maza sun fi mata da kusan miliyan 35. Yau sadaki a wasu ƙauyuka yana cinye abin da gida ke samu a shekaru da dama. An halatta 'ya'ya biyu a 2016, uku a 2021, amma a 2022 yawan jama'a ya ragu da dubu 850.

Masana'antun Shenzhen da Dongguan da duniya ke mamaki, 'yan ci-rani ne suka ɗauke su. Yawansu ya kai wajen miliyan 300. Ƙidayar 2020 ta nuna kashi 64 cikin 100 na jama'a a birni suke zaune, amma kashi 45 ne kawai ke da rajistar birni. Ratar nan ita ce mutumin da ya gina bene a Shanghai amma ɗansa ba zai zauna jarrabawar shiga jami'a a can ba, sai ya koma lardin rajistarsa. Dalilin da ya sa miliyoyin yara ke tashi a hannun kakanni ke nan, suna ganin iyayensu sau ɗaya a shekara, lokacin bikin sabuwar shekara.

Gyaran haraji na 1994 ya ɗaga rabon gwamnatin tsakiya daga kashi 22 zuwa kusan 56 cikin 100 na kuɗin shiga, ya bar wa ƙananan hukumomi nauyin makaranta da asibiti. Da farko suka huce a kan manomi da kuɗaɗen kaza da kaza. Da ƙorafi ya yi yawa, aka soke harajin gona gaba ɗaya ranar 1 ga Janairun 2006, harajin da Sinawa ke cewa ya shekara 2,600. Sai hukumomin suka koma kan ƙasar kanta. Ƙauye ba shi da ikon sayar da gona don gini. Hukuma ce ke karɓa, ta biya diyyar da tsohuwar doka ta ce kada ta wuce ninki 30 na amfanin shekara, ta yi gwanjon izinin shekara 70 ga masu gina gidaje. A 2021 wannan ciniki ya kawo yuan (kuɗin Sin) tiriliyan 8.7, kuma rigimar ƙwace gona ta daɗe tana cikin manyan musabbaban bore a karkara.

A zamanin Xi Jinping hannun ya sake komawa ƙofa-ƙofa, wannan karon da kwamfuta. Yaƙi da fatara ya bi gidaje ɗaya bayan ɗaya, kowanne da fayil da sunan ma'aikacin da ke da alhakinsa, ma'aikata kimanin miliyan 3 suka tare a ƙauyuka, aka tayar da mutum miliyan 9.6 daga tsaunuka zuwa sababbin matsugunai. A Fabrairun 2021 aka sanar cewa kusan mutum miliyan 99 sun haye layin yuan 2,300 a shekara bisa farashin 2010. Titi da lantarki da suka isa waɗannan wurare gaskiya ne. Irin wannan iko na sanin kowane gida shi ne kuma aka juya kan Musulmin Uyghur a Xinjiang daga 2017, da sansanonin tsarewa da ma'aikatan da ake turawa su kwana a gidajen mutane. Rahoton ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya na Agustan 2022 ya ce abin na iya kaiwa laifin cin zarafin bil'adama. Beijing ta musanta, ta ce cibiyoyin koyon sana'a ne.

Tsohuwar al'ada kuwa ta dawo ta ƙofar da aka kore ta. A kudancin ƙasar zuri'o'i sun sake gina zaurukansu, sun sake rubuta salsalar da aka ƙona daga abin da tsofaffi suka haddace. Ranar sharar kaburbura, Qingming, ta zama hutun ƙasa a 2008, Xi da kansa ya ziyarci Qufu a 2013.

Waɗanda suka yi wa gandu aiki da maki su ne tsofaffin ƙauye na yau. Fanshon karkara da aka fara a 2009 da yuan 55 a wata ya tashi, amma matsakaicinsa yuan ɗari biyu da wani abu ne, alhali tsohon ma'aikacin birni yana karɓar sama da 3,000. Shi ya sa mai shekara saba'in ke duƙe a kan gonar da ba ta wuce rabin hekta ba. Masana tattalin arziki da dama na kira a bar manomi ya sayar da ita ya shiga birni da jari. Gwamnati ta ƙi, kuma tana da hujjar da take tunawa: a farkon 2009, da kasuwar duniya ta karye, 'yan ci-rani miliyan 20 suka rasa aiki, gonar ce ta karɓe su. Yarjejeniyoyin aron shekara 30 suna cika a waɗannan shekaru, mafi yawansu zuwa 2028, kuma tun a 2017 aka yanke cewa za a sabunta wa kowane gida nasa na wasu shekara 30, ba tare da an sake rabo ba.